Ɗanku Yana Jami'a, Yaya Barcinsa? Jawabi ga 'Yan Kasuwar Kan Iyaka da Iyalansu



Sarkin kasuwa da wakilansa, shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu mata, direbobi, da 'ya'yanmu ɗalibai da suka dawo hutu, ina gaishe ku, ina kuma godiya da kuka bar rumfunanku na ɗan lokaci. Na san sa'a guda a ranar kasuwa ba ƙaramar kyauta ba ce.

Kun saba jinmu muna magana a kan rigakafi, gidan sauro da awon ciki. Yau zancen ya shafi waɗanda ba mu cika tunanin suna buƙatar ma'aikacin lafiya ba, wato samari da 'yan matan da kuka tura manyan makarantu. Daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga Maigatari zuwa Magarya, da wuya ka shiga layin rumfuna ba ka samu wanda yake biyan kuɗin karatun wani ba. Wasu 'ya'yan suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko ta Bayero a Kano. Wasu suna Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ko ta André Salifou a Damagaram, ko ta Abdu Mumuni a Yamai. Wasu kuwa sun ƙetare iyaka: ɗan Nijar da ya yi karatunsa duka da Faransanci ya tsinci kansa a ajin da ake magana da Ingilishi, ɗan Najeriya kuma ya je Maraɗi yana lissafin abincinsa da sefa.

A idon uba, yaron da yake jami'a yana cikin inuwa. Ba ya ɗaukar buhu, ba ya kwana a hanya, ba ya jayayya da jami'an kan iyaka. Idan ya ce ya gaji, sai a tambaye shi aikin me ya yi. Ina roƙon ku saurara, domin akwai kayan da ake ɗauka a ka ba tare da gammo ba.

Ku dubi shekarun da waɗannan yara suka ratsa. A 2020 malaman jami'o'in Najeriya sun yi yajin aiki na wata tara, ga kuma annobar korona. A 2022 suka sake wani, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. An rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024. An cire tallafin man fetur a Mayun 2023, naira ta faɗi, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Uban da yake samu da naira yana biyan makaranta da sefa ya san abin da nake faɗa fiye da ni. Abin da wataƙila bai lura ba shi ne ɗansa ma ya sani. Yaro ya san buhun gero nawa aka sayar kafin a biya masa rajista. Ya san an dakatar da gyaran ɗakin mahaifiyarsa saboda shi. Da wannan sanin yake shiga ɗakin jarrabawa. Sau da yawa shi ne na farko a zuriyarsu da ya kai wannan mataki, ba shi da wan da zai tambaya yadda ake yi, kuma tun yana aji ɗaya an fara kiransa Likita ko Injiniya a unguwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wani nau'i na ciwon da ya shafi tunani da ƙwaƙwalwa. Masana sun kuma gano cewa kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna somawa kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin a wuce tsakiyar shekarun ashirin. Shekarun jami'a ke nan. Saboda haka idan abu ya bayyana a wannan lokaci, ba boko ne ya kawo shi ba, kuma ba lallai a ce wani ya yi masa hannu ba. Lokacinsa ne ya zo daidai da lokacin da yaro ya bar gida.

Bari in bayyana abin da damuwa take yi a jiki, domin yawancin waɗanda suke zuwa wurinmu ba sa cewa suna cikin damuwa. Cewa suke yi kansu yana ciwo, ƙirjinsu yana zafi, zuciyarsu tana bugawa, cikinsu ya ƙi abinci. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da take sakin sinadarai biyu, adirenalin da kotisol, duk lokacin da mutum ya ji tsoro. Su ne suke sa zuciya ta yi sauri, numfashi ya yi gajere, tsokoki su ɗaure, ciki ya dakatar da narkar da abinci. Direban da saniya ta faɗo masa kan titi ya san wannan yanayi, kuma shi ne yake taimakonsa ya taka birki a kan lokaci. Bayan an wuce, jiki ya koma daidai. Amma ɗalibin da yake tsoron faɗuwa jarrabawa, yana tsoron ƙarewar guzuri, yana tsoron muryar mahaifinsa a waya, saniyarsa ba ta barin titi. Jikinsa yana nan a ɗaure mako da makonni. Ciwon kan da yake ji na gaske ne, ba ƙarya yake yi ba, sai dai farasitamol ba zai kai ga tushensa ba. Mu ma idan ya zo, sai mun fara duba zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da sauransu, domin suna iya kama da wannan.

Yanzu ku ɗalibai, da ku nake. Abu na farko da za ku tsare shi ne barci, kuma shi ne abin da kuka fi saurin sayarwa. Babban mutum yana buƙatar sa'a bakwai zuwa tara a dare. Na san al'adar kwana a aji ana karatu har asuba idan jarrabawa ta matso, ana ganin wanda ya fi daɗewa shi ya fi ƙoƙari. Ku sani cewa abin da aka karanta da rana, cikin barci ƙwaƙwalwa take jera shi ta adana. Ɗan kasuwar da ya yi ciniki tun safe, idan bai zauna da dare ya rubuta ya ƙulle lissafinsa ba, gobe sai ya rasa wa ya biya, wa ake bi. Haka kanku yake. Wanda ya karanta sa'a huɗu ya yi barci, sau da yawa yana tuna abin da wanda ya kwana a zaune ya manta. Rashin barci kuma yana ƙara fargaba, fargaba tana ƙara hana barci, har mutum ya kai inda zai kwanta idonsa biyu, shafin littafi yana yawo a kansa.

Gyaran ba shi da tsada. Ku tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ko da ranar da babu darasi. Ku ajiye waya kamar rabin sa'a ko sa'a guda kafin kwanciya, domin haskenta da labaran da ke cikinta suna hana ƙwaƙwalwa sanin dare ya yi. Idan kun kwanta barci ya ƙi zuwa, kada ku yi ta juyi kuna ƙirga sa'o'in da suka rage. Ku tashi ku zauna a wuri mai ƙarancin haske, ku rubuta abin da yake damunku a takarda, da abu ɗaya da za ku yi a kansa gobe, sannan ku koma. Ƙailula tana da amfani idan ba ta wuce rabin sa'a ba.

Sai batun shayi, goro, Nescafé da lemon ƙarin kuzari na gwangwani. Dukkansu suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda yake ɗaukar kimanin sa'a biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya zauna majalisar shayi bayan isha'i ya sha na farko, na biyu da na uku, har tsakar dare shayin yana jininsa. Ban ce ku bar majalisa ba, ni ma ba zan so a raba ni da shayin safe ba, kuma zama da abokai yana cikin maganin. Ku dai mayar da mai ƙarfin zuwa hantsi, da dare ku nemi wanda ba shi da ganyen shayi, kamar na citta da kanumfari.

Inda abin yake ba ni tsoro shi ne ƙwaya. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya, na shekarar 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramol ne, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ku da kuke kan iyaka kun fi kowa sanin cewa ƙwaya ba ta neman biza. Yawancin ɗaliban da suka faɗa ba da niyyar maye suka fara ba. Aboki ne ya ce ga abin da zai sa ka yi karatu ba gajiya, wata kuma aka ba ta wadda za ta sa ta barci. Tiramol yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman idan an sha da yawa, kuma jiki yana sabawa da shi har ya zama ba a iya tashi sai da shi. Ƙwayar barci ma haka take kama mutum. Wanda ya riga ya saba, kada ya yanke ƙwayar barci rana ɗaya shi kaɗai, domin hakan yana da haɗari. Ya zo a rage masa a hankali. Ku kuma masu shagon magani da masu tallarsa a kasuwa, ina roƙonku da girman Allah, yaron da kuka miƙa wa ba tare da takardar likita ba, ɗan maƙwabcin rumfarku ne.

Abinci ba sai na daɗe a kansa ba. Ɗalibin da yake wuni da shayi da burodi, ya kwana da indomi, dole ya ji jiri da saurin fushi. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, zogale, fura da nono, ƙwai idan an samu, duk sun fi araha a kan abin da ake kashewa a katin waya. Iyaye mata, ƙullin garin kunu da yajin daddawa da kuke sawa a jaka yana aiki fiye da yadda kuke zato. A sha ruwa sosai, musamman a bazara. A kuma motsa jiki: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya da sauri ta rabin sa'a sau biyar. Ƙwallo ma ta isa.

Akwai wata dabara da nake koya wa duk wanda zuciyarsa take bugawa kafin jarrabawa. Ka zauna, ka ɗora hannu a ciki, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu har cikin ya taso, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida. Ka maimaita na minti biyu ko uku. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya, kuma babu wanda zai san kana yi. Wanda ya saba zama bayan salla yana zikiri cikin natsuwa, ko mai addu'arsa a coci, ya riga ya san ɗanɗanon wannan, ya riƙe shi da kyau. Karatun ma a yanka shi gunduwa-gunduwa. Ba a cewa yau zan gama littafi, sai dai a ce kafin azahar zan gama shafi goma. Kuma kada kunya ta hana ka zuwa wurin malami ko ɗan ajinku ka ce ban gane ba, musamman kai da harshen koyarwa ya zame maka sabo. Ka nemi ƙungiyar ɗaliban garinku ko ƙasarku, ka ci abinci da mutane. Kaɗaici yana ƙara wa kowace damuwa nauyi.

Na dawo gare ku iyaye, domin rabin maganin yana hannunku, a cikin wayar da ke aljihunku. Ku tuna kiran ƙarshe da kuka yi wa ɗanku. Yawanci tambaya biyu ce: kuɗin sun iso, kuma yaya sakamako. Idan ya fara cewa abubuwa sun yi masa yawa, sai a ce ka gode wa Allah, mu da muke rana fa. Daga ranar ya koyi cewa amsar da ake so ita ce lafiya lau, kuma ita za ku riƙa ji har ranar da abokinsa zai kira ku. Alhaji, ka gwada wata tambayar. Ka ce, yaya barcinka? Me ka ci yau? Da wa kake zama? Sannan ka yi shiru ka bar shi ya yi magana, ko da shirun ya yi tsawo. Mutumin da zai iya haƙuri da mai saye yana taya kaya tun daga rabin kuɗi, zai iya haƙurin minti biyar da ɗan cikinsa. Idan kunya ta ɗan fari ta hana uwa ko uba, a wakilta kawu, gwaggo ko yaya wanda yaron yake sakin jiki da shi.

Idan ya faɗi wani kwas, ku bari ya faɗa muku da bakinsa ba tare da ya ji duniya ta ƙare ba. Na ga ɗalibin da aka sallama daga makaranta ya ci gaba da zama a garin har shekara, yana karɓar kuɗin rajista, yana kwana a ɗakin abokai, saboda ya kasa fuskantar gida. Ba mugun yaro ba ne, tsoro ne ya ɗaure shi, kuma lokacin da aka kawo shi ya rame har ba a gane shi. Kowannenku ya taɓa sayen kaya farashi ya karye. Ba ku rufe rumfa ba, kun sake lissafi. Kwas ana sake shi, makaranta ana sauya ta. Game da kuɗi kuwa, ku gaya masa gaskiyar abin da za ku iya da ranar da zai iso. Kaɗan da aka san ranarsa ya fi kwantar da hankali a kan mai yawa da ba a san ranarsa ba. Ku daina gwada shi da ɗan wane.

'Ya'ya mata suna da ƙarin nasu. Ana tura yarinya karatu, ana kuma tuna mata kullum cewa idon gari yana kanta, ga maganar aure a kowane hutu. Wata tana da miji da goyo, tana haɗa girki da jarrabawa. Idan wani a makaranta ya matsa mata da neman abin da bai dace ba, sau da yawa ba ta faɗa, don ta san abin da zai biyo baya shi ne a ce ta dawo gida. Hajiya, ki gaya wa 'yarki tun kafin ta tafi cewa idan irin haka ta faru za ki tsaya mata, kuma ba za a cire ta daga karatu saboda laifin wani ba.

Duk abin da na lissafa kula da kai ne, kuma yana da iyaka. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu kusan kullum, yaro ya daina wanka, ya daina shiga aji, ya ƙaurace wa mutane, barci da cin abinci suka lalace, yana cewa shi ba shi da amfani, to wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani kamar hawan jini. Idan ya kwana da kwanaki ba barci yana surutu ba tsayawa, ko yana jin muryoyin da babu su, ko yana zargin ana binsa, a kai shi asibiti cikin gaggawa. Idan ruɗewar ta zo da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, a tafi a daren, domin yana iya zama sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Idan kuwa ya ce gara ya mutu, ko ya ce ya zame muku kaya, kada ku ɗauka wasa ne, kada kuma ku rufe shi da faɗa. Kashe kai yana cikin manyan abubuwan da suke ɗauke matasa masu shekara 15 zuwa 29 a duniya. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari na gona da tarin magunguna daga inda hannunsa zai kai, a kai shi ga ma'aikacin lafiya a ranar.

Na san da yawa za su fara da malami, a yi addu'a da ruƙiyya. Ba na hana kowa addu'a. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa da asibiti tun da wuri, kada sai an sayar da gona an zagaya gari bakwai. Ba a ɗaure marar lafiya da mari, ba a dukansa, ba a hana shi abinci. A farkon 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi a kula da mai wannan ciwo cikin mutunci.

Wurin farawa shi ne asibitin makaranta, ko cibiyar lafiya mafi kusa. A ɓangaren Nijar a ga majo, shi zai tura gaba idan da buƙata, har zuwa babban asibitin jiha ko sashen masu wannan ciwo a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. A ɓangaren Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, da Kaduna, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ga kuma sassan da ke asibitocin koyarwa. Zuwa can ba ya nufin za a kwantar da mutum, yawanci ana ganin likita a koma gida ko makaranta a ranar. Idan an ba da maganin ciwon damuwa, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, kuma ana ci gaba da sha na watanni bayan an warware. Kada a daina don an ji dama. Ɗalibin da zai ƙetare iyaka ya tafi da takardar likitansa da maganin da zai kai shi hutu na gaba, a cikin kwalinsa na asali, domin sunan magani a kanti yakan bambanta tsakanin ƙasashen biyu.

Wanda yake da tambayar da ba ya son yi a gaban jama'a, ya same mu a teburinmu bayan an tashi, ko ya aiko wanda ya amince da shi. Abin da aka faɗa mana ba ya fita. Ku ɗauki wannan takarda biyu-biyu, ɗaya ta gida, ɗaya a saka a jakar mai komawa makaranta.

Allah Ya ba da kasuwa, Ya mayar da kowa gida lafiya.